Yada Zango a Birnin Alƙahira

Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba. Labarin wata 'yar tafiya ce da muka yi a hutun Disamba na 2024, wadda saura ƙiris rawar kaina ta jawo wa kakata asarar umararta.

Mu tara ne har da jaririya: Baba da Umma, da Hajiya Kaka mahaifiyar Baba, da Yaya da matarsa Anti da 'ya'yansu biyu, sai ni da Auta. Baba ya daɗe da niyyar kai Hajiya umara, to da Allah ya hore masa sai aka samu jirgin da zai bi da mu ta Alƙahira kafin Jidda. Baba kuwa ya ce tunda dai ta ƙofar Azhar za a bi, ai bai kamata a wuce ba a yi sallama ba. Aka tsara mu sauka daren Talata, mu tashi da asubahin Juma'a, wato yini biyu ke nan cif a hannunmu. Bizar shiga Masar tun daga gida Yaya ya sa aka yi mana, don kada mu je mu maƙale a filin jirgi muna hangen gari ta taga.

Ana saura mako biyu Baba ya kira ni falonsa ya ce, "Ke da ba kya rabuwa da waya, ga ranarki. Nemo mana masauki mai kyau, amma a tausaya wa aljihuna."

Ai kuwa kaina ya kumbura. A daren na yi ta lalube a intanet har na ci karo da wani otal, ɗakuna fes, gadaje da fararen zannuwa, ga baranda da tukwanen fure, an kuma rubuta wai a tsakiyar gari yake. Kuɗinsa bai kai rabin na sauran ba. Ban yi shawara da kowa ba na kama ɗaki uku, na karɓi katin Yaya na biya na kwana ukun gaba ɗaya. Washegari har ina yi wa Anti gori wai in ana neman mai ido a zo wurina.

Daga Kano zuwa Alƙahira tafiyar kusan awa biyar ce, kuma a lokacin sanyi agogonsu yana gaba da namu da awa ɗaya. Muna fitowa daga filin jirgi wani sanyi ya dake mu, irin na tsakiyar hunturu amma mai ratsa ƙashi. Wanda duk ya ce miki ƙasar Larabawa zafi ce kawai, to bai je Masar a Disamba ba. Muka ɗauki mota biyu zuwa tsakiyar gari, tafiyar wajen kilomita 20, ga shi dare ya raba amma titi cike da motoci kamar yanzu aka tashi daga kasuwa.

Unguwar da direba ya sauke mu ita suke kira Wasɗul Balad. Dogayen gidaje ne tsofaffi masu ado irin na Turai, waɗanda aka fara ginawa tun zamanin sarkinsu Isma'il a ƙarni na 19. Abin da ban sani ba shi ne da yawa daga ƙananan otal-otal na wurin ba su da gini nasu na kansu, hawa ɗaya ko biyu suke kamawa a cikin irin waɗannan gidaje. Namu yana hawa na biyar. Ga lifta nan kuwa, tsohuwa mai ƙofar ƙarfe kamar keji, an manna mata wata takarda. Maigadi ya fito daga ɗan ɗakinsa yana mutsuttsuke ido, ya nuna liftar ya girgiza kai, ya ce, "Ma'alesh." Wato a yi haƙuri. Wannan kalma ta ma'alesh, 'yar uwa, in kin je Masar sai kin ji ta har ta gundure ki.

Hajiya Kaka ta haura shekara 75, kuma ta daɗe tana fama da ciwon gwiwa. Ta ɗaga kai ta dubi matakalar nan da take ta naɗewa sama, ta dube ni, ta ce, "Kishiya, tun ban ga Ka'aba ba kin kawo ni Safa da Marwa?" Kowa ya yi 'yar dariya ban da ni da Baba. Yaya ya ari kujerar maigadi, in Hajiya ta hau hawa ɗaya sai ya ajiye mata ta zauna ta huta, sannan a ci gaba. Gidajen nan rufinsu da tsawo, hawa ɗaya nasu ya kusa biyu namu. Mun fi rabin awa kafin mu kai, ga akwatuna, ga goyo, ga ɗan Yaya mai shekara biyar ya yi barci a kafaɗar Umma.

Ɗakunan dai ba laifi, su ne na cikin hoton, har tukwanen furen suna nan. Sai dai ɗaya yana wannan ƙarshen, biyu suna can ƙarshen, banɗaki kuma na haɗaka ne da sauran baƙi maza da mata. A ƙasan tagarmu akwai wurin shan shayi da shisha, ana ta hira da buga wasa a kan tebur har wajen ƙarfe uku. Jaririya ta ƙi barci don sanyi, babu inda za a dafa ruwan zafi. Ni kuwa na zauna a bakin gado ina shafa wa Hajiya man zafi, ina kallon gwiwarta ta hagu tana kumbura a hannuna. Wallahi a daren nan na yi kuka ba sauti. Tsohuwar nan shekara nawa tana burin ta zagaya Ɗakin Allah da ƙafarta, ga shi ni na zo na ƙarar da ƙafar a kan matakalar otal. Baba bai ce mini uffan ba, kuma shirunsa ya fi mini zafi a kan faɗa.

Da gari ya waye Umma ta tuna da wata 'yar unguwarmu da ke karatu a Jami'ar Azhar, ta sa aka nemo lambarta. Allah Ya yi wa yarinyar nan albarka. Kafin ƙarfe tara ta iso, ta durƙusa ta gaida su Baba, ta dubi matakala ta dubi Hajiya, ta ce, "Umma, ai da kun kira ni tun kuna gida." Nan take ta yi waya biyu uku da Larabcinta kamar 'yar gari, ta samo mana shaƙƙa, wato gida mai ɗaki uku da falo da kicin wanda ake bayarwa haya na kwanaki, a unguwar Madinatu Nasar inda ɗalibai 'yan Afirka da yawa suke zaune. Hawa na ɗaya ne, liftarsa kuma tana aiki. A kan kujera Yaya da maigadi da wasu samari biyu suka sauko da Hajiya. Kuɗin kwana biyun da suka rage kuwa masu otal suka ce ba a mayarwa, suka nuna mini inda na amince da haka da yatsana ban karanta ba. Sai a lokacin Baba ya yi magana. Ya ce, "Ba komai, kuɗin makaranta na biya miki."

To tunda an biya, bari in raba muku karatun kyauta. Ɗalibar nan ce ta koya mini a cikin mota. Ta ce in za ki nema wa iyali masauki, kada ki auna da kanki, ke da ko a kan tabarma kika kwanta garas za ki tashi. Ki auna da wanda ya fi kowa rauni a cikin ayarin, tsoho ne ko mai ciki ko jariri. Abin da ya yi masa ya yi wa kowa. Kafin ki biya ko sisi ki rubuta musu ki tambaya: a hawa na nawa ne, lifta tana aiki yau ɗin nan, banɗaki a cikin ɗaki yake, ɗakunan suna jere ko akwai ƙofa a tsakaninsu, akwai firij da abin dafa ruwa? In da hali su ɗauko miki hoton bidiyo tun daga bakin titi har ɗaki, don mai talla ba ya ɗaukar hoton matakala. Sannan ki karanta abin da baƙin da suka taɓa kwana suka rubuta, ki bar masu yabo ki nemi masu ƙorafi, musamman waɗanda suka je da yara. Da na koma na duba namu, ashe mutum uku sun yi maganar liftar nan, ni ce dai furanni suka rufe mini ido.

Akwai kuma maganar unguwa, wadda ita ce babba ga mai yada zango. Filin jirgin Alƙahira yana arewa maso gabashin gari, dalar Giza kuwa tana can kudu maso yamma, tsallaken kogin Nilu, ga cunkoson motoci a tsakani wanda ba ya jin rarrashi. In kwana ɗaya za ku yi, ko jirginku na asuba ne kamar namu, ku kwana kusa da filin jirgi, a Misrul Jadida ko Madinatu Nasar, ku riƙa shiga gari kuna dawowa. Gara a sha cunkoso a hanyar yawon buɗe ido da a sha shi a hanyar kama jirgi. Ni a ganina kuma, ga iyali masu yawa irin namu shaƙƙa ta fi otal. Umma ta samu inda ta dama wa Hajiya kunun tsamiya da garin da ta ƙullo daga gida, Anti ta wanke kayan jaririya ta shanya, mu mata muka cire hijabi muka sake a falo, abin da ba zai yiwu a barandar otal ba. Aibinta dai babu mai yi miki shara ko karin kumallo, kuma sai da wanda kika amince da shi a garin zai tsaya miki.

Bayan azahar aka zauna shawarar inda za a je, nan fa gardama ta tashi. Ni na rubuto wuri takwas a takarda. Auta da ɗan Yaya dala suke so, Anti kasuwa, Baba Azhar, Hajiya kuwa daga kan gado ta ɗaga murya ta ce ita fa ba za ta bar Masar ba sai ta ga Fir'auna da idonta. Yaya ya karɓi takardata ya soke biyar. Ya ce wuri ɗaya da safe, ɗaya da yamma, a tsakani a dawo gida a yi sallah a kwanta, wanda kuma ya gaji ya zauna ba dole. Na ji haushi a lokacin, don har da Hasumiyar Alƙahira mai tsawon mita 187 da ganuwar Salahuddin a cikin waɗanda ya soke, amma gaskiya tasa ce.

Da la'asar ranar Laraba muka bar Hajiya da Umma a gida muka nufi masallacin Azhar. An fara gina shi a shekarar 970, wato ya haura shekara dubu ana sallah da karatu a cikinsa. Tsakar masallacin farin dutse ne mai sheƙi, sanyinsa har cikin safa, ga ɗalibai nan zaune rukuni-rukuni a jikin ginshiƙai, baƙaƙe da farare da masu kama da 'yan Sin. Muna tsaye sai muka ji an ce, "Sannunku da zuwa," wasu samari ne biyu 'yan ƙasarmu da littattafai a hammata. Baba ya ji daɗi ƙwarai. Ya zaunar da mu ya ce ba yau mutanenmu suka fara zuwa nan ba, tun zamanin da akwai sashen da aka keɓe wa ɗaliban Barno a Azhar. Ya ce tafsirin Jalalaini da muke ji kowane azumi, malaman nan biyu da suka rubuta shi 'yan wannan birni ne, kuma na biyunsu, Imam Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, har wasiƙar nasiha ya taɓa aika wa Sarkin Katsina da na Agadas. Auta ta ce, "Baba, a wane jirgin aka kai wasiƙar?" Ya ce, "A jirgin raƙumi."

Tsallaken titi kaɗan sai masallacin Husaini da kasuwar Khan Khalili, wadda take ci tun ƙarshen ƙarni na 14. In kin san Kurmi to kin san ƙanwarta: lunguna matsattsu, turare, fitilun tagulla masu ado, mayafai, azurfa, kayan yaji. Larabcin Islamiyyarmu ya ɗan yi rana, ko da yake in na yi magana sai su yi murmushi, wai kamar mai karanta labarai. Su harafin jimun ma "ga" suke furta shi. Kalma uku sun ishe ki: "bikam" nawa ne, "gali" ya yi tsada, sai "la, shukran" in ba kya so. Kuɗin farko da mai kaya zai faɗa kada ki tsorata, ciniki ne kamar na gida, ki taya ƙasa sosai, in ya ƙi ki juya, zai kira ki.

A nan ne gabanmu ya sake faɗuwa. Anti tana cinikin mayafi, ni ina riƙe da jaririya, muka waiga babu ɗan Yaya. Innalillahi! Minti biyar ɗin nan sun fi mini daren jiya tsawo. Ashe wani mai sayar da fitilu ya bi, ya sha kwana, ya rasa hanya. Wani dattijo mai shago ne ya riƙe shi ya ba shi alewa, ya laluba aljihunsa ya ga takardar da ɗalibar nan ta sa wa kowane yaro da safe, mai adireshin gida da lambar wayar Yaya da Larabci. Ana cikin neman sai ga waya. Tun daga ranar ko Kantin Kwari za mu shiga da yaro sai na sa masa takarda a aljihu.

Abinci kuwa bai ba mu wahala ba. Akwai wani da suke ji da shi wai shi koshari, shinkafa da taliya da wani ɗan wake, a zuba miyar tumatir da soyayyar albasa a kai, ga araha ga cika ciki, yara suka so shi. Abin da ya ba mu dariya shi ne yadda muka riƙa cin karo da kayan gida da baƙon suna. Karkade ashe zoɓo ne, tamar hindi tsamiya, dom goruba, bamiya kuɓewa, miyar mulukiyya da suke taƙama da ita kuwa lalo ne tsaf. Da muka kai wa Hajiya ta ɗanɗana ta ce, "Lalo ne, amma ba su san daddawa ba." Ruwan sha dai na roba muka riƙa saye saboda yara.

Ranar Alhamis tun ƙarfe bakwai muka fita Giza, ni da Baba da Yaya da Auta da yaron, don mu riga rana da cincirindon mutane. Gani ya kori ji. Babbar dalar, ta sarki Khufu, ta kai shekara 4,500, tsawonta na asali wajen mita 146, kuma an ƙiyasta duwatsun da ke jikinta sun fi miliyan biyu. Dutse ɗaya na ƙasa ya kusa kai ƙirjina. Baba ya tsaya ya daɗe yana kallo, sannan ya ce shi dalar gyaɗa ya sani a Kano yana yaro, ita ma a lokacin gani yake ta taɓo sama. Can ƙasa kuma ga gunkin nan mai jikin zaki da kan mutum wanda suke kira Abul Haul, hancinsa a gutsure. Shiga cikin dalar tikiti ne daban, kuma ban ba mai ƙaramin yaro ko tsoho shawara ba. Yaya ya shiga, ya ce a sunkuye ake hawa cikin wani siririn rami mai zafi, a ƙarshe ɗaki ne wayam sai akwatin dutse babu komai a ciki. Masu raƙuma da dawaki kuwa sai an yi da gaske. Kada ki bari a ɗora yaro sai an yanke kuɗi, na hawa da na sauka, kuma kada ki karɓi abin da aka miƙo miki wai kyauta. A 2025 an sake tsarin shiga wurin, an sa motocin bas masu zagayawa da baƙi, kuma a Nuwamban shekarar aka buɗe katafaren gidan tarihin da ke kusa da dalar, inda aka tattara kayan sarki Tutankamun. Mu a waje muka hango shi.

Da yamma aka cika wa Hajiya burinta. Gawarwakin sarakunan Masar na da ba sa tsohon gidan tarihi na dandalin Tahrir yanzu, tun Afrilun 2021 aka kwashe guda 22, sarakuna 18 da sarauniyoyi 4, aka mayar da su sabon gidan tarihi na Fusɗaɗ, unguwar da masallacin sahabi Amru ɗan Asi yake, masallaci na farko a ƙasar Masar. Wurin shimfiɗaɗɗe ne, muka tura Hajiya a keken da muka taho da shi don umara, wanda da ƙyar ta yarda ta hau. Ɗakin gawarwakin yana ƙasa, da duhu-duhu, ba a ɗaukar hoto, ba a ɗaga murya. Auta ta riƙe mini hannu gam, yaron kuwa Anti ta tsaya da shi a sama, kuma hakan ya fi. Muka isa kan Ramsis na Biyu, ga shi nan kwance cikin gilashi, busasshe, da dogon hanci da sauran gashi a kansa. Mutane da yawa suna cewa shi ne Fir'aunan Annabi Musa, amma Baba ya ce wannan hasashe ne, Alƙur'ani bai faɗi sunansa ba, masana kuma ba su haɗu a kan mutum ɗaya ba. Hajiya ta sa aka matsa da ita kusa. Ta daɗe tana dubansa, bakinta yana motsi. Can ta ce a hankali, "Allah Sarki duniya. Ɗan wannan ne?" Ba ta ƙara cewa komai ba har muka fito.

A daren muka haɗa kaya, Umma ta ba ɗalibar nan kuka da daddawa da yajin da ta rage, yarinya har da hawaye. Ƙarfe biyu da rabi motoci suka zo, cikin ɗan lokaci muna filin jirgi, titi wayam. Baba da Yaya suka ɗaura haraminsu tun a nan, don a sama jirgi zai ratsa miƙati, tafiyar kuwa wajen awa biyu ce zuwa Jidda.

Muna zaune muna jiran kira na durƙusa na ɗaga zanin Hajiya na duba gwiwar. Kumburin ya saɓe, saura kaɗan. Ta janye ƙafarta ta ce, "Sakar mini ƙafa, kishiya, kin ga dai ba ki samu yadda kike so ba." A Makka zagaye huɗu ta yi da ƙafarta tana dafe da kafaɗata, sauran ukun Yaya ya tura ta a keke. Masaukinmu na Madina kuwa da Baba ya ce in duba ko ya yi, sai da na kira su sau biyu a kan maganar lifta, har mutumin ya tambaye ni ko injiniya ce ni.